Ɗan'uwa Manomi, Kana Iya Kama Karenka?

A wannan fitowa mun ajiye zancen taki da iri. Za mu yi magana a kan wata dabba wadda kusan kowane gida a unguwanninmu yake da ita, amma ba a cika sa ta cikin lissafin dukiya ba, watau kare.

Abin da ya jawo maganar shi ne wata rana da muka raka malamin dabbobi zuwa wata unguwa a gefen dajin Falgore domin a yi wa karnuka allurar rigakafin ciwon hauka. An yi sanarwa a majami'a tun ran Lahadi, mai unguwa kuma ya sa an yi shela. Malamin ya kafa teburinsa a gindin ɗorawa, ga kula da ƙanƙara cike da magani. Muka zauna muna jira. Ta ko'ina ana jin haushin karnuka, amma waɗanda suka iso gindin ɗorawar ba su taka kara sun karya ba. Ba ƙin zuwa mutane suka yi ba. Mun ga wani dattijo da 'ya'yansa maza suna ta zagaya rumbu da igiya, karen kuwa da ya ga sun nufo shi sai ya tsallake danga ya shige gonar dawa. Dattijon ya zo yana haki ya ce, "Malam, sai dai haƙuri. Shekararsa huɗu a gidana, ban taɓa sa masa hannu ba." Malamin ya ce, "To Baba, ku da kuke tare da shi ya ƙi ku, ni da ya gani yau yaya zan yi da shi?"

Muna shirin tashi sai ga wata yarinya, ba ta fi shekara goma ba, wata jar karya tana biye da ita, ba ko igiya. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta rungume wuyan karyar ta juya mata kai gefe, malam ya soka allura ya zare. Karyar ko gurnani ba ta yi ba. Muka tambayi yarinyar wa ya koya mata haka. Ta ce, "Ba kowa. Ni ce nake ba ta tuwo tun tana ƙarama."

Gidajen nan biyu kowannensu yana cewa yana da kare. Amma karen da ba ya zuwa in ka kira shi, ba ya kuma yarda ka taɓa shi, ba za a yi masa allura ba, ba za a cire masa kaska ba, ba kuwa mai tsayar da shi ran da ya bi akuyar maƙwabci. Ran da ya yi ɓarna kuwa, sunanka za a kira a gaban mai unguwa.

Ma'aikacin da ba a biya

Mu da muke zaune gida nan gida can, kowa da gonarsa a bayan ɗaki, ba sai an gaya mana amfanin kare ba. Manoman masara na Doguwa, da waɗanda gonakinsu suke jikin duwatsun Riruwai ko bakin Falgore, sun san abin da garken birai yake yi wa gona cikin safiya ɗaya sa'ad da masara ta yi goyo. Kare ne yake taya yara tsaro. Shi ne yake korar muzuru da dila daga akurki, yana kama gafiya a gindin rumbu. Waɗanda suka sha wahalar ɓarayin shanu da suka addabi yankin Falgore wajen 2015 sun san kare ba ya tare mai bindiga, amma haushinsa yana ba maigida lokacin farkawa ya ta da maƙwabta. Wannan aiki ba yau aka fara shi ba, gama ko Littafin Ayuba, a sura 30, ya ambaci karnukan da suke tsaron garke.

Duk da haka mun saba raina shi. Bijimin huɗa muna yankar masa ciyawa, muna saya masa dusa da kanwa. Kare kuwa sai abin da ya faɗi ƙasa. Yara suna jifarsa, manya suna shurinsa in ya kwanta a hanya.

Waɗansu ma da gangan suke yin haka. Mun sha ji ana cewa kare mai ƙoshi ragon kare ne, wai sai an bar shi da yunwa, ana dukansa, ana ɗaure shi cikin rana, sa'an nan zai yi zafi. Ba mu yarda da wannan ba. Abin da yunwa take yi wa kare shi ne ta kore shi daga gida. Sai ya tafi bola da mahauta, ya ci mushe, ya ci kashi, ya gamu da karnukan da ba a san daga inda suka fito ba, dare kuwa ya yi masa a wata unguwa. Wa zai tsare gidan? Duka kuma tsoro yake sa masa, kare mai tsoro kuwa shi ne yake cizon yaro ba dalili, ya gudu in ya ga ƙaton da ya ɗaga sanda. Kare yana tsaron wurin da yake ci yake kwana, da mutanen da ya ɗauka nasa ne. Sabon da ya yi da hannun mutanen gida ba ya hana shi yi wa baƙon dare haushi. Karyar yarinyar nan da muka ambata, mutanen unguwar da kansu suka ce ba mai shiga gidansu da dare ba sallama.

Icce tun yana ɗanye

Karya tana ɗaukar ciki wajen kwana 63, watau mako tara. Ana haifar 'yan kwikwiyo ido rufe, sai bayan kwana goma zuwa mako biyu suke buɗe ido. Daga mako na uku zuwa wajen na goma sha biyu, a nan ne halin kare yake kafuwa. Abin da ya saba da shi cikin waɗannan makonni, mutum ne ko kaza ko ƙarar babur, zai ɗauke shi abin gida har tsufansa. Abin da bai gani ba kuwa zai riƙa tsoronsa.

An gwada wannan sosai. A 1961 waɗansu masana a Amurka suka bayyana sakamakon wani gwaji da suka yi. Sun bar 'yan kwikwiyo da uwayensu cikin manyan filaye masu shinge, ana zuba musu abinci da ruwa ba tare da sun yi hulɗa da mutum ba. Sai aka riƙa ɗauko waɗansu, wannan yana da mako biyu, wancan uku, wani biyar, wani bakwai, wani tara, a yi mako guda ana wasa da su a mayar. Waɗanda aka ɗauko suna da mako biyar zuwa bakwai suka fi saurin sabo da mutum. Waɗanda ba a taɓa ba sai da suka kai mako 14 suka zama kamar naman daji, suna gudun mutum, in an sa musu igiya sai kokawa.

To, mu duba yadda muke yi. Karya ta haihu a ƙarƙashin rumbu, sau da yawa da damina, kowa yana gona. Ba mai leƙa su sai sun fara yawo a tsakar gida, a lokacin kuwa an makara. Wani kuma gaggawa yake yi, ya ɗauke kwikwiyo daga uwarsa yana da mako uku don kada wani ya riga shi. Wannan ma kuskure ne, gama a wurin uwarsa da 'yan'uwansa yake koyon cewa cizo yana da zafi. A bar shi da uwarsa har mako bakwai ko takwas, amma tun daga mako na uku a riƙa sa masa hannu kowace rana. Wanda yake ba uwar abinci shi ya kamata ya fara, domin karya mai jego ba ta yarda da kowa.

Aikin ba wuya. Ka ɗauke shi ka shafa shi. Ka duba cikin kunnensa, ka buɗe tsakanin yatsun ƙafarsa inda kaska take ɓuya, ka ɗaga leɓensa ka ga haƙora, ka kama fatar wuyansa a hankali, ka riƙe cinyarsa, gama waɗannan su ne wuraren da malamin dabbobi zai taɓa. In ka gama ka sa masa ɗan abu a baki. Maigida ya yi, uwargida ta yi, yara su yi a gaban babba. Minti biyar ya isa, amma kullum.

A cikin makonnin nan ne kuma za a nuna masa kaji da awaki da shanun huɗa, kana tsaye a kansa. A ƙasar Namibiya, tun 1994 ake ba makiyaya waɗansu manyan karnuka 'yan asalin Turkiyya domin su tsare awaki daga damisa da dila. Dabarar ba wata ba ce, ana sa kwikwiyon cikin garke tun yana ɗan wata biyu ko uku, ya kwana da awaki ya tashi da su, har ya ɗauke su danginsa. Ba sai mun nemi karen Turkiyya ba. Namu na gida ya san zafin ƙasarmu, ba shi da yawan ci, ba ya kuma yawan ciwo. Dabarar ce abin ɗauka.

Kira, igiya, da "bari"

Karen manomi ba ya bukatar wasannin da ake koya wa karnukan birni. Abin da ya fi kome shi ne ya zo in an kira shi. A raɗa masa suna gajere, Duna ne ko Jimrau ko abin da kuka ga dama, kowa a gidan kuma ya kira shi da wannan suna ɗaya. Lokacin cin abinci shi ne makarantarsa. Kada a ajiye masa tuwo ya zo ya tarar. A riƙe kaskon, a kira sunansa, a ce "zo", in ya iso a shafa wuyansa sa'an nan a ajiye. Bayan 'yan kwanaki a riƙa kiransa ba lokacin abinci ba, daga bayan ɗaki, daga bakin gona, ana riƙe da ɗan ƙuli-ƙuli ko ƙanzo ko kan busasshen kifi a aljihu. Ladan ya zo nan take, yana isowa, domin kare yana haɗa lada da abin da ya yi a daidai wannan lokaci ne kawai. In ka tsaya ka gama gaisawa da wani kafin ka ba shi, bai san don me ka ba shi ba.

Akwai doka ɗaya da muke roƙo kada a karya ta ko sau ɗaya: kada ka kira kare domin ka duke shi. Ko wace irin ɓarna ya yi, in ka kira ya zo, to ya yi daidai a wannan karo. In ka duke shi, abin da ka koya masa shi ne zuwa wurinka yana jawo sanda. Yawancin karnukan da suke tsayawa nesa suna kallon mai su, suna kaɗa wutsiya amma ba sa matsowa, haka aka yi musu.

Haka nan dukan da ake yi bayan an dawo daga gona an tarar da gashin kaza. Karen ya cinye kazar tun da hantsi, kai ka zo da la'asar. Ya ga ranka a ɓace sai ya kwantar da kunne, ka ce ai ya san laifinsa. Fushinka ya gani, ba kazar yake tunawa ba. Masu rataya masa mushen kaza a wuya ma wahalar banza suke yi, ƙuda kawai suke tara wa gida. Gyara sai a lokacin da yake cikin yi. Ka gan shi ya kafa wa 'yan tsaki ido, ya sunkuyar da kai, sai ka ce "bari" da murya mai kauri, ka tafa hannu. Yana juyowa ka kira shi ka ba shi lada. Za a yi ta maimaitawa. Kafin ya koya, kada a bar shi da kaji ba kowa a gida. A tafi da shi gona.

Igiya kuma a fara ta tun yana ƙarami. Da fari a ɗaura masa ɗan ƙyalle a wuya, sakwa-sakwa yadda yatsa biyu za su shiga, a bar shi ya manta da shi. Sa'an nan a ƙara igiya, ya ja ta a tsakar gida. Sa'an nan ka riƙe, kana tafe yana bin abin da ke hannunka. Kada a fizge shi, kada kuma a yi amfani da waya ko zarge. A riƙa duba abin wuyan, gama kwikwiyo yana girma da sauri, mun kuwa taɓa ganin igiya ta nutse cikin naman wuyan kare don an manta da ita. A koya masa zama a turke a inuwa, da ruwa kusa, sa'a ɗaya ko biyu. Ɗaurin dare da rana shekara da shekaru yana lalata kare, amma karen da bai taɓa sanin turke ba shi ma matsala ne, za ku ga dalili a gaba.

Game da abinci, tuwo da miya da sauran abin da gida ya ci sun isa, a ƙara da dusar awara dafaffiya ko ɗan nono in akwai, sau biyu a rana, kwikwiyo kuwa sau uku ko huɗu. Kada a ba shi ɗanyen huhu ko hanta mai ƙulli-ƙullin ruwa, ko kan tunkiyar da ta mutu tana juwa, domin ta nan yake ɗaukar tsutsar da yake komo da ita ga tumaki da mutane ta cikin kashinsa. A nemi maganin tsutsa da na kaska a wurin malamin dabbobi. Kada a yi masa wanka da fiya-fiya ko maganin feshin gona. Karnuka da yawa sun mutu ta haka, mai wankan ma yana shaƙa.

Ciwon haukan kare

Yanzu mun zo ga abin da ya sa muka ɗauki maganar nan da nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 suke mutuwa kowace shekara da ciwon haukan kare, kusan dukansu a Afirka da Asiya. Wajen huɗu cikin goma yara ne da ba su kai shekara 15 ba, kusan duka kuma daga kare suka samu. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar. In ta shiga ta wurin cizo sai ta bi jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata biyu ko uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Miki ya warke, kowa ya manta, sa'an nan ciwon ya tashi. In kuwa alamu suka bayyana, mutum ya fara firgita da ruwa, to ba magani. Shanu da awaki da jakuna ma suna kamuwa, wanda ya ci bashin ƙungiya ya sayi shanun huɗa ya san abin da rasa ɗaya yake nufi.

Amma ana iya tare shi. Ran 6 ga Yuli 1885 wani masani a Faransa, Louis Pasteur, ya fara yi wa wani yaro ɗan shekara tara allura bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron kuwa ya rayu. A ƙasarmu, cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda take can tun 1924, tana yin allurar karnuka, tana kuma gwada kan karen da ake zargi. Masana sun nuna in aka yi wa karnuka bakwai cikin kowane goma allura a wuri, aka dinga maimaitawa kowace shekara, ciwon yakan rasa inda zai bi ya mutu. Ƙasar Meziko ta bi wannan hanya, a 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ciwon ya daina kama mutane ta wurin kare a can. Ana fara allurar tun kare yana ɗan wata uku, in kuwa malamin ya ce a kawo har ƙanana, a kawo. Kuɗinta ba ya kusa da kuɗin allurar mutum ɗaya da aka ciza.

Ga inda horo ya shigo. Bakwai cikin goma ba za su samu ba in rabin karnukan unguwa suna cikin gonar dawa ran allura. Magani yana nan, malami yana nan, abin da ya rage shi ne hannun da zai riƙe karen.

Har wa yau, wanda ya san karensa shi ne yake fara lura in ya sāke. Ba kowane kare mai ciwon yake gudu yana cizo ba. Alamar fari ita ce canjin hali. Mai fara'a ya koma ɓuya cikin duhu, mai gudun mutane ya zo yana lasar hannu, muryar haushinsa ta canja, yana cizon itace da dutse. Akwai kuma wanda ba ya faɗa ko kaɗan, sai dai haɓarsa ta saki, yana dalala, kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya. Kada kowa ya sa hannu a bakinsa wai zai ciro ƙashin. A killace shi, a kawar da yara, a aika wa malamin dabbobi.

In kare ya ciji mutum, ko ya yakushe shi, ko ya lashi miki, a wanke wurin nan da nan da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15. A duba agogo, gama minti 15 yana da tsawo, yawancinmu a minti biyu muke tsayawa. Sa'an nan a tafi asibiti a ranar. Allurar mutum ba ɗaya ba ce, ana yin ta a ranaku dabam-dabam, sai a cika su duka yadda likita ya tsara. Cizon fuska da wuya da yatsu ya fi haɗari, yara kuwa a nan aka fi cizonsu saboda gajartarsu. Ƙona gashin karen a shafa a miki ba ya kashe ƙwayar cutar. Mu yi addu'a, i, amma muna kan hanyar asibiti. Iyaye kuma su daina dukan yaro don kare ya cije shi, domin yaron da yake tsoron bulala ɓoye cizon zai yi.

Karen da ya yi cizon, in na gida ne, a ɗaure shi kwana goma ana ba shi ci da sha. In ya cika kwana goma lafiya lau, to ba ya ɗauke da cutar a yawunsa ran da ya yi cizon. Amma ba a jiran kwana goman kafin a je asibiti. In ya yi ciwo ko ya mutu, malamin dabbobi zai san yadda za a aika da kan zuwa Vom ko Zariya. Kada a feɗe shi, kada a ci. Kada kuma a sayar wa fataken karnuka don a rabu da magana. Hanyar Jos ta ratsa ƙasarmu, ana kuma kai karnuka daga arewa zuwa kasuwar Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke a Jihar Filato. Wanda ya sa karen da yake zargi cikin wannan mota ya aika wa ɗan wani da mutuwa. Kun ga kuwa, karen da bai san turke ba, ba mai iya tsare shi kwana goma.

Kare da maƙwabta

Muna zaune tare da 'yan'uwanmu Musulmi, rijiya ɗaya, kasuwa ɗaya. Addininsu ya yarda da ajiye kare don tsaron gona da kiwo da farauta, amma in ya sa baki a ƙwarya sai an wanke ta sau bakwai. Ya kamata mu girmama wannan. Kada karenmu ya bi mata rijiya ko famfo yana shinshina bokitin mutane, kada ya bi mu gidan biki ko gaisuwar mutuwa. A koya masa "koma" tun daga ƙofar gida.

Wanda ya fi wannan nauyi shi ne shanun Fulani. Da kaka, sa'ad da garke yake wucewa ta gefen gonaki, rai a kusa yake a kowane gefe. Kare ɗaya ya fasa garke, saniya ta karye ko ta faɗa gonar wani, sai ƙaramar magana ta zama ta hakimi da 'yan sanda, wani lokaci ma ta wuce nan. Wanda yake iya kiran karensa ya dawo da murya ɗaya ya kashe wutar tun ba ta kama ba. Muna kuma roƙon iyaye su tsawata wa samarin da suke cuna kare ga mai tallar nono ko almajiri don dariya. Karen da aka koya wa bin mai gudu ba ya bambanta almajiri da ɗan maigida.

Malaman makarantar Lahadi za su taimaka in suka koya wa yara kada su taɓa kare yana ci, ko yana barci, ko karya tana kan 'ya'yanta. In baƙon kare ya nufo yaro, kada ya gudu, kada ya yi ihu. Ya tsaya cik kamar itace, hannu a ƙirji, ya kawar da ido. Yawanci karen zai shinshina ya wuce.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Malamin dabbobi ba zai hau babur daga Tudun Wada ko Kiru saboda kare ɗaya ba, maganin kuma ba ya son zafi, sai cikin ƙanƙara. Amma in magatakardan ƙungiya ya bi gida-gida ya rubuta yawan karnuka, ma'aji ya tara kuɗin, aka je ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma da lissafi a hannu, za a sa rana. A gayyaci dukan unguwa, Kirista da Musulmi da Fulanin da suke kusa, gama karen da ba a yi wa ba, ko na wane ne, haɗari ne ga kowa. Ana tunawa da wannan ciwo a duniya kowace ranar 28 ga Satumba, ofisoshin gwamnati kuma sukan yi allura a wajen wannan lokaci, wani sa'i kyauta, don haka a riƙa tambaya. In hakan bai samu ba, bayan girbi ya fi mana sauƙi, hanya ta bushe, akwai ɗan kuɗi a hannu. A karɓi katin shaida a adana cikin akwatin takardu. Wanda 'yan kwikwiyo suka yi masa yawa kada ya zubar da su a bakin kasuwa. Ya nemi masu so tun da wuri, ya kuma tambayi malamin zancen fiɗiya.

A sa ranar da nisa, wata biyu ko uku, domin masu manyan karnuka irin na dattijon nan su sami lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Babban kare yana gyaruwa, ko da yake ba kamar kwikwiyo ba, wani ma ba zai taɓa sakin jiki duka ba. Mutum ɗaya ya ɗauki ba shi abinci, a hana kowa jifarsa. Mai abincin ya tsuguna gefe, kada ya kafa masa ido, ya jefa loma nesa, gobe kusa, har ya karɓa a hannu. Taɓawa sai daga baya, a ƙirji ko gefen wuya, ba a ka ba. Kada a ritsa shi a lungu.

Haka muka gaya wa dattijon kafin mu bar unguwar, shi kuwa ya ba jikarsa aikin. Kwanan baya ya aiko mana da saƙo ta bakin mai bishara, ya ce yanzu karen yana cin ƙanzo a hannun yarinyar, yana kuma yarda ta shafa wuyansa, amma igiya har yanzu da ya gan ta sai ya tashi. Mun ce a ajiye igiyar kusa da kaskon abincinsa ya riƙa ganinta kullum. Malamin dabbobi ya ce zai sake bi ta can in an kai dawa rumbu.